Ranar da Baba ya ƙwace mana baƙo

Walimar da ƙungiyarmu take yi duk shekara bayan Babbar Sallah, ni dai ban taɓa kiranta walima a raina ba. A zo, a gaisa, liman ya yi addu'a, a buɗe kuloli, kowa ya sunkuyar da kai. Kafin ka je ka wanke hannu ka dawo, rabin kujeru sun zama wayam. Wannan ya ce ana lodin kwantenarsa, wancan ya ce wani ɗan Caina yana jiransa da samfur. Mutane ne da suka baro Kano da Maraɗi da Kumasi suka taru a Guangzhou, sau ɗaya a shekara ake iya haɗa su a ɗaki guda, amma ba za su yi zaman da ya wuce na shan shayi ba.

Ni kuma bakina ba ya iya shiru. A wani taron shirye-shirye na miƙe na faɗi maganar nan yadda take, har da ƙari. Can sai wani daga baya ya ce, "To, ranka ya daɗe, tunda kai ka iya, bana kai za ka shirya." Aka kwashe da dariya, don sun ɗauka zan noƙe. Na ce na karɓa.

Abin da ba su sani ba shi ne, kafin in zama ejan mai tura kaya, mai yini cikin kwalaye da salatif, ni ɗan wasan kwaikwayo ne. Tun ina sakandare nake rubuta wasa, daga baya muka kafa 'yar ƙungiya a unguwarmu muna zagaya makarantu. Kasuwa ce ta raba ni da shi, ba gajiya na yi ba. Kuma akwai wani mai masana'antar takalma da nake hulɗa da shi, ya taɓa kai ni wani gidan abinci inda ake wasa ana ci. Ba dandamali, ba labule. Wanda ya kawo maka shayi sai ka ga ya fara cacar baki da mutumin teburin kusa, ashe dukansu 'yan wasa ne. Ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba, amma sai da abincin gabana ya huce ban sani ba. Tun ranar na ce wannan shi ne maganin mutanenmu, tunda duk duniya ba abin da yake zaunar da Bahaushe kamar rigimar da ba tasa ba.

Sai dai ba a yin komai a ƙungiyar nan sai da yardar Baba. Shi ne shugabanmu, dattijo ne ɗan Kano, yana cikin waɗanda suka fara buɗe ofis a ginin Tianxiu tun mu ba mu san hanyar garin ba. Shi yake sasanta rigima, shi ake kira idan an kama wani ko an yi rasuwa. Ba ya ɗaga murya, kuma da wuya ka ga haƙorinsa a taro. Na same shi a ofis bayan azahar, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wasa?" in ji shi, yana kallona ta saman tabarau. "Kai da gemunka?"

"Baba, wasa ne mai ma'ana. Ba kiɗa, ba rawa."

"Na san irin wasanku. A ɗauko mutum a kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, jama'a su yi ta dariya, gobe ya kasa shiga kasuwa."

"Ba za a yi haka ba, Baba."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Nan ba gida ba ne. Mutum a garin nan ba shi da gona, ba shi da dangi, mutuncinsa kaɗai ya zo da shi. Idan aka zubar wa ko mutum ɗaya mutunci a wurin nan, ni da kai ne. Kuma ba za a sake yin wasa a taron ƙungiyar nan ba ina raye."

Na ce na yi alkawari. Na fito ina jin kaina a sama, ko lif ban jira ba, da ƙafa na sauko. Bai tambaye ni yadda wasan zai fara ba, ni kuma ban faɗa ba, don duk daɗin abin yana cikin kada kowa ya sani.

Labarin da na rubuta gajere ne. Baƙo ne ya sauka a garin, wanda ya yi alkawarin tarbarsa ya kashe waya. Ya ji ana Hausa a wani bene ya hau da jakarsa. Ya bi tebur-tebur yana neman wanda zai saurare shi, kowa ya sallame shi, har wani macuci ya ja shi da daɗin baki ya raba shi da jakar. A ƙarshe a bar shi zaune a bakin titi. Na dasa 'yan wasana a cikin masu cin abinci, kowa da teburinsa da maganar da zai faɗa. So nake abincin ya tsaya wa mutane a wuya, su dubi kansu.

Macucin bai ba ni wahala ba. Akwai wani ɗan Kumasi mai tura kaya Ghana, mutumin kirki ne ƙwarai, amma Allah ya ba shi baki, zai iya sayar maka da takalmin da yake ƙafarka. Wanda zai fara korar baƙon kuma maƙwabcin ofishina ne, mai shagon waya. Baƙon ne ya zame min aiki. Daga unguwar Xiaobei har Dengfeng, inda mutanenmu suke, babu wanda bai san fuskar wani ba, kuma in aka gane shi wasa ya mutu tun daga ƙofa.

A Masallacin Huaisheng na same shi bayan sallar Juma'a, muna neman takalma. Ɗan Maraɗi ne, magidanci, yana karatun aikin gona mai zurfi a wani gari, hutu ya kawo shi. Siriri ne, kuma yana da irin fuskar nan da ko gaisuwa ya yi maka sai ka ji tausayinsa. Na ja shi gefe na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce bai taɓa yi ba, amma zai gwada. Na hana shi leƙa Xiaobei har ranar walima.

A sitona muka yi ta gwaji, cikin kwalaye. Wanda bai taɓa koya wa 'yan kasuwa wasa ba bai san haƙuri ba. Ana tsakiyar kuka waya za ta yi ƙara, mai kukan ya ɗaga ya hau ciniki, ya gama ya ce, "Ina muka tsaya?" Na yi faɗa har muryata ta dashe. Ɗan Maraɗin ne kaɗai yake jin magana, shi ma abu ɗaya na yi ta nanata masa: ko ginin ne zai rushe, kada ka fita daga wasa sai na ce an gama.

Wurin da na kama bene ne na wani gidan abinci, mai shi Musulmi ne ɗan Caina, muna kiransa laoban kamar yadda ake kiran duk mai shago a can. Da na ce za mu shigo da tuwonmu, sai ya hau kaɗa hannu yana "meyo, meyo", wato babu wannan maganar. Sai da na yarda shi zai yi tsire da taliya da shayi sannan ya sauko. Tuwon shinkafa da miyar taushe kuwa wata Hajiya ce ta yi, wadda take dafa wa 'yan kasuwa abinci a gidanta a Dengfeng. Teburan masu zagaye ne, da gilashi a tsakiya da ake juyawa abinci ya zo gabanka. A gaban ɗakin akwai ɗan dandamali da jan kafet inda suke ɗora ango da amarya. Na sa lasifika a kai na bar ta, don kowa ya zuba ido can.

Ranar ta zo. Bayan magariba ɗaki ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, don labari ya bazu cewa wane zai yi wasa, kuma na san da yawansu kunyata suka zo gani. Liman ya yi addu'a, aka fara zuba abinci. Ni ina bayan wani allon katako kusa da kicin, ina leƙe. Baba yana babban tebur tare da liman da sauran dattawa. Kowa yana ci yana satar kallon dandamali. Da na ga hannaye sun shiga miya sosai, sai na aika wa ɗan Maraɗin saƙo ya hau.

Ya shigo da ƙatuwar jakar Ghana-mas-go a kafaɗa, rigarsa duk ta yamutse, ya tsaya a bakin ƙofa yana rarraba ido. Wallahi ni da na koya masa sai da na ji tausayinsa. Ya yi sallama da 'yar murya, ya nufi teburin mai shagon waya kamar yadda aka tsara, ya durƙusa ya fara bayani. Mai shagon waya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, nan ba tasha ba ce. Taron ƙungiya muke yi. Je ka nemi wanda ya kawo ka."

Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, madalla, sun kamu. Baƙo ya ɗauki jaka zai nufi tebur na biyu, sai na ji ƙarar kujera daga gaba. Baba ne ya miƙe.

"Maimaita abin da ka ce."

Mai shagon waya ya daskare, loma a hannu. Ya waiga yana nemana.

"A gabana za ka kori baƙo? Kai ranar da ka zo garin nan, da shagon naka ka sauko daga jirgi?"

Ban taɓa jin muryar Baba ta kai haka ba. Ya tako da kansa har tsakiyar ɗaki, ya kama hannun baƙon, ya ce wa wani ya ɗauko jakar. Ya kai shi babban tebur, ya sa aka matsa masa, ya zaunar da shi tsakaninsa da liman. Ya juya gilashi tuwo ya zo gabansa.

"Ci tukuna. Daga ina?"

"Daga Maraɗi, Baba," in ji mutumina, kansa a ƙasa. "Wanda ya ce in taho shina jirana, tun da sahe nike kira, ya kashe waya."

"Ba ni lambarsa."

"Wayar tawa ta mutu, Baba."

Maganar da na rubuta masa ce yake faɗa, kalma bayan kalma, don na ce kada ya fita daga wasa. Sai dai idonsa yana yawo yana neman allon da nake ɓoye. Kafin ka ce me, teburin ya cika. Wani ya miƙo caja, wani ya zaro layin waya daga aljihu, wani ya ce akwai katifa a ɗakinsa. Wani ɗan Zinder ya matso yana yi masa Faransanci, yana cewa gobe da safe shi zai raka shi wurin 'yan sanda a yi masa rajista. Hajiya ta aiko da kwano na musamman, nama ya fi miya yawa. Baba kuma ya ɗaga waya yana gaya wa iyalinsa a share ɗakin baƙi.

Da farko haushi ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Makonni ina fama da mutanen nan a sito, ga shi dattijo ya ƙwace min ɗan wasa tun ba a je ko'ina ba. Macucina yana zaune yana cin tsire, ba shi da wanda zai cuta. Amma da na dubi bayan ɗakin sai haushin ya gudu. Wasu samarin 'yan kasuwa, abokan 'yan wasana, sun gane. Sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, suna toshe baki don kada dariya ta fito. Na hango gobe ƙarara. Hoton zai bar Guangzhou kafin asuba, ya kai Kantin Kwari kafin azahar, ana cewa ku zo ku ga yadda aka yi wasa da hankalin Baba. Mutum ɗaya aka ce kada in zubar wa mutunci, sai ga shi wanda ya kafa sharaɗin ne da kansa.

In na hau dandamali na ce jama'a wasa ne, dariyar za ta fashe a kansa nan take. In na yi shiru, ya tafi da baƙo gida, gobe abin ya fi muni. Na tsaya ina gumi, laoban yana gefena yana tambayata ko a kawo sauran taliya. Sai na karɓi butar shayi daga hannunsa na fita.

Na bi ta bayan kujeru har wurin Baba, na durƙusa kamar mai zuba masa shayi, na kai bakina kunnensa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan shi ne wasan. Mutumin nan ɗan wasana ne."

Bai motsa ba. Hannunsa yana kan kafaɗar baƙon, bai ɗauke ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Shayin ya cika kofi ya fara zuba a faranti ban lura ba. Ya dubi baƙon, ya dubi bayan ɗaki inda wayoyi suke sama, ya daɗe yana kallonsu. Ni dai na sadaƙar.

Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Daga nan me zai same shi?"

"Wani macuci zai yaudare shi ya gudu da jakar. A bar shi a bakin titi."

"A gabana?"

"Haka aka rubuta, Baba."

Ya ɗauki kofin ya kurɓa. "Turo min macucin."

Ban san lokacin da na isa teburin ɗan Kumasi ba. Na raɗa masa cewa ya manta da duk abin da na koya masa, ya je ya ƙwato baƙon nan daga hannun Baba ta kowace hanya. Ya zaro ido ya ce, "Masa," wato maigida a bakin 'yan Ghana, "so kake ka kashe ni?" Na ce tashi. Ya goge baki, ya gyara hula, ya tafi yana murmushin nan nasa.

"Assalamu alaikum, Baba! Ai ɗan'uwana ne wannan, tun safe nake nemansa. Masa, taso mu tafi, na kama maka otal mai kyau." Ya kai hannu kan jaka.

Baba ya ɗora ƙafa a kanta. "Ɗan'uwanka?"

"Uwa ɗaya, Baba."

"Shi ɗan Maraɗi, kai ɗan Kumasi. Wace irin tafiya tsohuwar nan ta yi?"

Ɗakin ya fashe. A nan ne jama'a suka gane wasa ake yi, kuma duk suka ɗauka Baba yana ciki tun farko. Ɗan Kumasi ya samu abin da yake so, ya shiga zuba. Ya ce kasuwancin goro ne ya kai ta. Baba ya ce to faɗi sunan ƙaninka. Ya yi ta kame-kame, ya ce a gidansu kunya ba ta barin a faɗi suna. Baba ya ce wane otal ne, a wane layi, hawa na nawa, duk yana tambaya fuska a ɗaure kamar ranar da yake sasanta rigimar kwantena, kuma wannan ɗaure fuskar ita ta fi kashe mutane da dariya. Liman har ya cire tabarau yana share hawaye.

Ni kuwa na zama kamar mai tallan ruwa a tasha, ina zirga-zirga tsakanin tebura ina raɗa wa 'yan wasana abin da za su yi. Na tura mai shagon waya ya zo ya ba da haƙuri, Baba ya sa shi ya tsaya yana yi wa baƙo fifita. Na tura wani ya zo a matsayin shaidar macuci, jama'a da kansu suka yi masa ihu ya koma. Wasu da ba sa cikin wasan suka fara miƙewa suna ba da shaida, wani ya rantse shi ma macucin nan ya taɓa sayar masa da kwalin da ba komai a ciki. Hajiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ba wanda ya aike ta, ta ce duk wanda ya taɓa jakar yaron nan ba zai ƙara cin tuwonta ba. Laoban ya ruɗe, ya jawo rigata yana tambaya ko ya kira 'yan sanda. Na ce masa meyo, meyo, ya je ya ƙaro shayi.

Ƙarshen da na rubuta ko kusa ba a je ba. Baba ne ya yanke hukunci: macuci ya ɗauki jakar a ka, ya zagaya ɗakin, ya raka baƙo har masauki. Ɗan Kumasi ya ɗora Ghana-mas-go a ka yana tafe yana kuka, baƙo yana biye da shi da ƙashin rago a hannu, jama'a suna tafi suna buga tebur. Na dubi kujeru, ko ɗaya babu wadda ta zama wayam. Wayoyi suna ta ƙara a aljihu ba mai ɗagawa. Na yi wasanni da yawa a ƙuruciyata, amma ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba.

Na hau dandamalin nan a karon farko, na ɗauki lasifika don in gabatar da 'yan wasa. Na riga na yanke abin da zan yi. Na ce, "Jama'a, kafin kowa, ku taya ni gode wa babban ɗan wasanmu, wanda ya yarda ya shiga wannan shiri tun daga farko, ya kuma riƙe mana sirri." Na nuna Baba. Aka ɗauki tafi. Na ce a raina shi ke nan, na rufe ƙofar, alkawari ya cika.

Baba ya ɗaga hannu, tafin ya tsaya. Bai karɓi lasifika ba, daga inda yake ya yi magana.

"Kada ku yarda da shi, rufa min asiri yake yi. Ni ban san wasa ba ne. Da gaske na ɗauka baƙo ne, sai da yaron nan ya zo ya raɗa min. Masu ɗauka a waya, ku haɗa da wannan. Kuma gobe in wani ya sake shigowa da jaka, haka zan sake yi, ko wasa ne ko ba wasa ba."

Na jira dariyar. Ba ta zo ba. Wani daga cikin dattawa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji," ɗakin ya amsa da amin kamar a masallaci. Samarin da ke bayan ɗaki suka miƙe tsaye, sauran suka bi su.

Ba wanda ya tafi sai da aka ture tebura gefe aka yi sallar isha'i a nan. Bayan an fara watsewa, ina taya Hajiya haɗa kuloli, aka ce Baba yana kira. Na same shi shi kaɗai a babban tebur. Ya nuna min kujerar da baƙon ya zauna.

"Labarin nan, ƙirƙira ka yi, ko an yi?"

"An yi, Baba."

"A garin nan? Wa aka yi wa?"

"Ni."

Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Na ba shi labarin ranar da na sauka, yadda wanda zai tarbe ni ya kashe waya, yadda na zauna a kan jakata a ƙofar Tianxiu tun hantsi har la'asar. Hausa tana wucewa ta kunnena ta ko'ina. In na yi sallama a amsa ana tafiya. Wata 'yar Caina mai sayar da lemo ce ta ba ni ruwa, ta nuna min wani masauki da hannu.

Ya tambaye ni shekarar, na faɗa masa.

"Ina da ofis a sama lokacin," in ji shi.

"Na sani, Baba."

"Ta ƙofar nan nake fita sallah."

"Ban san fuskarka ba a lokacin. Ba zan ce ka wuce ba, ba zan ce ba ka wuce ba."

Sai ya sa yatsa ya juya gilashin a hankali har kwanon tuwo ya tsaya a gabana. Tuwon ya huce, miyar ta yi kauri. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya turo min. Duk shekarun da na yi a garin ban taɓa ganin Baba ya ci abinci a wurin taro ba, shayi kaɗai yake kurɓa, balle ya haɗa kwano da sa'an ɗansa. Ya naɗe hannun riga ya sa hannu a kwanon, ya ɗago ya dube ni.

"Sannu da zuwa," in ji shi. "Ya hanya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya ce in ci, na sa hannu muka ci.